Zuciyar Yaya Asabe a Allon Kwamfuta

Da sunan Allah nake farawa, Mai jarraba bawa da ciwo, Mai mayar masa da lafiya in ya ga dama. Sunana Hauwa, ina koyarwa a wata firamare da ke Naraguta. Wannan labarin jinyar yayata ne, Yaya Asabe, uwa ɗaya uba ɗaya, ni nake bi mata. Ba don a tausaya mana na rubuta ba. Akwai kuskuren da muka yi da hankalinmu, har da ni mai ilimin cikinmu, kuma ba na so wani gida ya maimaita shi.

Yaya tela ce a unguwar Kongo-Rasha, a nan Jos. Shagonta a zauren gidansu yake, da keke biyu, na wuta da na ƙafa, amma na ƙafar ya fi shan aiki saboda wutar ba ta zama. 'Ya'yanta uku. Mijinta, Baban Ummi, direban babbar mota ne, yana kai dankali da kabeji kudu, sai ya yi kwana goma ba ya gida.

Abin ya fara ne da haki. Gidan mahaifiyarmu, Inna, a kan ɗan tudu yake, tudun da muke hawa a guje tun muna yara. Wata Asabar muka je gaishe ta, sai na ga Yaya ta tsaya har sau biyu kafin mu kai ƙofa, ta dafa dutse tana mayar da numfashi. Ta ce ƙiba ce. Yaya kuwa ba ta da ƙiba. Bayan mako biyu takalmanta suka daina shiga da yamma, in ka danna ƙaurinta da yatsa sai ramin ya zauna. Sai tari ya biyo baya, ta koma ba ta iya kwanciya sai ta jera filo uku ta jingina.

Mai kemis ɗin layinsu ya ce asma ce, ya ba ta abin shaƙa. Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifinmu, ta ce sanyin Jos ne ya shige ta, ta haɗo citta da kanumfari da tafarnuwa a cikin zuma. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce in binciki telar da ta buɗe shago a bakin layi, don abin nan bai yi kama da ciwon asibiti ba. Haka muka cinye wata biyu. Abin da ya kai mu asibiti shi ne ranar da take ɗinka wa wata amarya farin leshi, tari ya sarƙe ta, da ta ɗago kai sai ga ɗigon jini a kan leshin. Ta kira ni a waya, muryarta a sanyaye, ta ce in na tashi daga makaranta in biyo. Da na zo na tarar tana ta goga wurin da ruwan sanyi, hankalinta duk yana kan kayan mutane.

Makon farko a babban asibiti duk a layi ya ƙare. Layin yankar kati, layin awon jini, layin hoton ƙirji, kowanne da takardar biyansa da tagarsa daban. Ranar asibitin zuciya sau ɗaya ce a mako, in ka zo bayan ƙarfe bakwai ka makara. A mako na uku ne muka samu ganin Dakta Pam, mutumin Kabong, siriri mai furfura a gemu, Hausa a bakinsa kamar ɗan Kano. Ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, ya sa ta kwanta ta gefen hagu ya sake saurara. Sannan ya tambaya ko tana yawan ciwon maƙogwaro da ciwon gaɓoɓi tana yarinya. Yaya ta ce ta tuna an kai ta wurin wanzami an cire mata belu, kuma akwai daminar da ta kwanta gwiwoyinta a kumbure. Ya gyaɗa kai kamar wanda dama amsar da yake jira ke nan.

Aka yi mata hoton zuciya da suke kira eko. Da sakamako ya fito, ranar Baban Ummi yana gari, Dakta Pam ya zaunar da mu ya zana zuciya a bayan takarda. Ya ce akwai wata ƙofa tsakanin ɗakuna biyu na hagu, mai buɗewa jini ya wuce ta rufe. Ciwon maƙogwaron yarinta da ba a kashe da magani ba shi ne ya bi ya cinye bakin ƙofar a hankali, yanzu ba ta rufuwa, jini yana komawa baya yana cika huhu. Sunan ƙofar bawul. Baban Ummi ya ce ya gane, in bawul ya ci a inji mota ba ta jan tudu. Tun daga ranar kalmar ta zauna a gidanmu, har Inna da bawul take kiransa.

Hanya biyu ce, in ji shi, kuma duk sai an buɗe ƙirji. Ko a gyara nata, a ɗinke shi a sa masa zobe, ko a cire a sa na ƙarfe. Gyara ya fi, don mai na ƙarfe sai ya sha maganin tsinka jini har ƙarshen ransa, kuma ciki yana zama haɗari ga mace. Akwai wasu likitocin fiɗa da ke zuwa daga waje lokaci-lokaci su yi 'yan kwanaki, kuma yanzu kafin su zo ana aika musu hotuna, a saka a wata manhaja ta tsara aikin tun daga nesa. Ya tambaya ko mun yarda a saka Yaya. Muka sa hannu.

Hotunan biyu ne. Ɗaya an hana ta cin komai tun safe, aka fesa mata magani a maƙoshi aka zura wata igiya mai kyamara har ta kai bayan zuciya. Ta yi kwana biyu ba ta iya haɗiyar tuwo. Ɗayan kuma an tura ta cikin wata babbar na'ura mai kama da bakin rijiya, bayan an yi mata allurar da ta ce ta ji zafinta har tafin ƙafa.

Bayan mako biyu aka kira mu. Dakta Pam ya juyo mana da allon kwamfuta, sai ga zuciyar Yaya tsaye a fili, tana bugawa, yana juya ta da yatsa ta kowane gefe. Ya shiga cikinta ya nuna mana bawul ɗin, da jinin da ke tsartuwa baya duk bugu ɗaya. Sannan ya danna wani wuri. Zobe ya bayyana a bakin ƙofar, leɓɓanta suka haɗu, tsartuwar ta tsaya cak. A gefen allon wani akwati ya yi kore. Ya ce an koya wa manhajar da hotunan zukatan mutane masu ɗimbin yawa waɗanda aka san yadda aikinsu ya ƙare, ita kuma sai ta gwada sabuwar zuciya da su, ta faɗi girman zoben da inda za a yi ɗinki, da ko gyaran zai riƙe. Kore na nufin tana ganin zai riƙe.

Ina tuna ya ɗaga yatsu biyu bayan haka. Na farko, ya ce yawancin zukatan da manhajar ta koya da su na tsofaffi ne na ƙasashen waje, waɗanda bawul ɗinsu ya saki don shekaru, ba irin namu da cuta ta ƙona ya taurare ba, don haka shi bai gama sakin jiki da ita ba. Na biyu kuma ya faɗa yana kallon Yaya.

"Hajiya, wannan zuciyarki ce ta ranar da aka ɗauki hoton. Aikinki shi ne ki kawo mana ita yadda take. Allura duk wata don kada cutar ta sake tashi, ƙwayoyi kullum, keken ƙafa kuma a rufe shi."

Mun ji shi da kunne. Amma idanunmu suna kan allon. Baban Ummi ya roƙi a sake danna wurin, ya ɗauka a wayarsa. Kafin magariba bidiyon ya zaga zauren dangi na waya, daga Bukur har Kano. Mutane suka riƙa kira suna yi mana barka kamar an riga an yi aikin. Inna ta sa a nuna mata ya fi sau goma, duk lokacin da tsartuwar ta tsaya sai ta ce alhamdulillahi.

An ce mana likitocin za su zo nan da mako shida. A mako na biyar aka ce an ɗaga, wasu kayan aikinsu ba su iso ba. Aka sake ɗagawa. Babu wanda ya iya ba mu rana. Ni ce mai zuwa tambaya duk Laraba, har nas ɗin da ke kan tebur ta gane ni, da ta hango ni sai ta girgiza kai tun kafin in ƙaraso.

A wannan jiran ne magani ya fara aiki. Kumburin ya saɓe, hakin ya ragu, Yaya ta koma filo ɗaya. Azumi ya shigo, likita ya hana ta yi, ta bi. Amma ɗinkin Sallah ya taho, mata suka yi ta kawo atamfa da shadda, wasu shekara goma ita take musu ɗinki. Ta ce za ta riƙa yanka kawai. Daga yanka ta koma keken wuta, ranar da babu wuta kuma ta janye zanen da ta rufe na ƙafa da shi. Ƙwayar da ke sa fitsari ta dame ta, tana cikin awon mutum sai ta tashi, sai ta mayar da ita sha yau bari gobe. Allurar wata kuwa mai kauri ce fara, tana barin mutum da ɗingishi kwana biyu. Ta tsallake ɗaya. Ta tsallake ta biyu.

Na sani. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini nauyin rubutawa. Na ga katin allurar babu sa hannu, na ga ƙwayoyin ba sa raguwa. Na yi mata magana sau ɗaya, ta ɗauko waya ta kunna mini bidiyon tana murmushi.

"Hauwa, ki kwantar da hankalinki. An riga an auna an yanka, ɗinki kawai ya rage."

Na yi dariya, na bar maganar. Har a raina na yarda da ita.

Saura kwana goma Sallah maƙogwaronta ya yi ciwo, da zazzaɓi, wuyan hannunta ya kumbura. Gwaggo Talatu ta kawo haɗin zumarta, zazzaɓin ya sauka, aka ci gaba da ɗinki. Saura kwana uku, da hantsi, ana ruwa da ƙanƙara, ta sulale daga kan keke. Matar da ta zo karɓar kayanta ce ta yi kururuwa maƙwabta suka shigo. Da na iske su a asibiti an sa mata robar iska a hanci, leɓɓanta sun yi duhu. Na riƙe hannunta na ji bugun jininta babu tsari, ya yi sauri ya tsaya ya sake fizga. A gadon asibiti muka yi Sallah.

Dakta Pam bai yi faɗa ba. Ya karɓi katin allurar ya duba gaba da baya, ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba. Da ma faɗan ya yi.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata budurwa, Kaneng, mai sayar da kayan miya, ita ma bawul ne, ita ma tana jiran likitocin. Mahaifiyarta, Ngo Chundung, ita ta koya mini zaman jinya, inda ake samun ruwan zafi, wace nas ce ake iya tambaya, yadda ake juya marar lafiya ba a tayar masa da haki ba. In zan je salla ta kula da Yaya, in ta tafi coci ranar Lahadi in kula da Kaneng. Ta taɓa ce mini su ba a nuna musu kore ba, ruwan ɗorawa aka nuna musu, amma suna addu'a.

A mako na uku da kwanciyarmu likitocin suka iso. Baban Ummi ya ɗauka da tsohon tsarin za a shiga, amma Dakta Pam ya ce sai an sake hoto, wata biyar sun wuce. Aka sake zura igiyar. Bayan kwana biyu aka kira mu ɗakin da aka fara nuna mana allon, da babban likitan fiɗar a zaune, dattijo mai magana a hankali, ba ya jin Hausa. Dakta Pam yana wani aikin, don haka ni aka ce in fassara wa Yaya.

Zuciyar da ke kan allon ta fi ta da girma. Da aka danna wurin gyara, zoben ya hau, amma leɓɓan ba su haɗu ba, jinin ya ci gaba da tsartuwa. Akwatin ya yi ja. Dattijon ya ce cutar ta sake tashi ta ƙara ƙona bawul ɗin, ya ƙanƙance ya yi tauri. Ya ce ba don manhajar ta faɗa ba, shi ma ya duba da idonsa, gyara ba zai riƙe ba. Baban Ummi ya ciro waya yana nuna masa bidiyon, yana cewa ga shi nan su da kansu suka ce zai yiwu. Dattijon ya kalla har ƙarshe. Ya ce ko a wancan lokacin da ya ga hotunan yana da shakka, don ya sha buɗe ƙirjin masu irin wannan cuta ya tarar da abin da hoto bai nuna ba. Wataƙila da ya gyaru, wataƙila da bai gyaru ba. Yanzu babu mai iya sani.

Na juya ga Yaya ina neman kalmomi. Ta ce kada in wahalar da kaina, ta ga launin. Tambaya ɗaya ta ce in yi masa, ko za ta sake haihuwa. Ta daɗe tana son ta ƙara ko ɗaya. Na tambaya, ya amsa, na faɗa mata cewa ba ya ba ta shawara. Ta murza bakin mayafinta, sannan ta ce a kawo takardar ta sa hannu.

A ranar ne kuma aka gaya wa Ngo Chundung cewa zuciyar Kaneng ta yi raunin da ba za ta ɗauki aiki ba. Suka haɗa kayansu da yamma. Ta bar mini fulas ɗinta, ta ce mu za mu fi buƙata. Bayan wata guda muka ji rasuwar Kaneng, na je gidansu a Kabong na yi wa Ngo Chundung gaisuwa.

An nemi jini leda da yawa kafin aiki. A nan na ga mutane. Da yawa daga masu aiko da barka a waya sai ga uzuri, wannan yana da basir, wancan matarsa ta hana. Direbobin tashar su Baban Ummi ne suka zo a mota guda suka jera hannu, da wasu matasa uku daga cocin su Ngo Chundung da ba mu taɓa gani ba. Inna ta sayar da gonarta ta bakin kududdufin kuza, wadda mahaifinmu ya bar mata, don kuɗin aikin, ba ta shawarci kowa ba. Allah ya saka wa kowa da abin da ya yi.

An shiga da Yaya ɗakin fiɗa da safe, ba a fito ba sai bayan la'asar. Dakta Pam ne ya fito ya ce an gama, an sa mata bawul na ƙarfe, tana raye, kuma da aka buɗe an tarar bawul ɗin ya yi tauri kamar busasshiyar fata. Kwana uku tana ɗakin da ba a barin kowa ya shiga sai leƙe ta gilashi. Da aka dawo da ita, tari shi ne azabarta, sai ta rungume filo a ƙirji kafin ta yi. Wata rana da azahar ɗakin ya yi tsit, na ji wani ƙas-ƙas kamar agogon hannu. Na duba ko'ina. Daga ƙirjinta yake fitowa.

Yau wata bakwai ke nan. Tana tafiya kasuwa da ƙafarta, tana kwanciya yadda take so, mun gode Allah. Amma rayuwar ta zama ta awo. Ana duba kaurin jininta a kai a kai, in ya yi kauri zai iya daskarewa a kan ƙarfen, in ya tsinke da yawa ko allurar ɗinki ta soke ta sai an daɗe ana dannawa. Alayyahu da kabeji da zogale sai da ƙa'ida. Sau ɗaya Gwaggo ta lallaɓo da haɗinta don ƙarin ƙarfi, dasashin Yaya ya yi kwana biyu yana zubar da jini. Baban Ummi da kansa ya je ya roƙe ta da girman Allah ta daina. Keken ƙafar an ba wa wata 'yar uwa. Bidiyon kuwa Yaya ta sa an goge shi daga wayar kowa a gidan.

Ga mai karanta wannan, ba na cewa na'urar ta yi mana ƙarya. Abin da aka ba ta shi ta duba. Amma ta nuna mana lafiyar da ba mu kai gare ta ba tukuna, muka ɗauka mun samu. In an nuna muku irin wannan hoton, ku saurari abin da likita ya faɗa bayansa. In yaro ya ce maƙogwaronsa na ciwo da zazzaɓi, a kai shi asibiti, kada a tsaya wurin wanzami. In kuma kai ne mai jinya ka ga ana wasa da magani, ka yi magana ko za a yi fushi da kai.

Watan jiya na raka Yaya awo. Da Dakta Pam ya gama da ita, sai ya tambaye ni ko ɗaki ɗaya muka tashi da ita. Na ce har tabarma ɗaya. Ya ce tunda na'urar eko tana kunne, in hau gadon ya duba, ba zai ɗauki minti biyar ba. Yaya ta fita ta zauna a benci. Ya shafa mini man nan mai sanyi ya ɗora abin a ƙirjina, muna hirar makaranta, yana tambayata yara nawa ne a ajina. Sai ya daina magana. Ya ce in juya ta hagu. Ya ƙara matso da fuskarsa kusa da allon, ya daɗe, sannan ya jawo sabon kati ya tambaye ni cikakken sunana da shekaruna.

Ya ce ni ma bawul ne, amma bai yi nisa ba, an kama shi da wuri, in na kiyaye wataƙila ba za a taɓa kai ga wuƙa ba. Wataƙila, haka ya ce.

Da na fito Yaya ta kalli katin da ke hannuna. Ta karɓe shi ta karanta, ta saka a jakarta tare da nata, ta ja zif.

"Kada Inna ta ji tukuna," ta ce. "Katin nan kuma a wurina zai zauna. Ni zan riƙa duba shi."

Wanda ya karanta ya sa mu a addu'a, mu biyu.